Tuwon Otal Dawisu

Hajiya Ladingo ta Funtuwa shekara talatin da takwas ta yi tana sayar da tuwo a tasha. Da girma ya zo 'ya'yanta suka hana ta zaman rumfa, amma bakin nata ba wanda ya iya hana shi aiki. Mace ce da in ta ɗanɗana miya sau ɗaya za ta gaya maka irin itacen da aka dafa ta da shi, ta kuma gaya maka ko mai girkin ta san aikinta ko dai yunwa ce ta jefa ta cikin sana'ar. Bara ne yanar ido ta soma rufe mata idon hagu, likita ya ce aikin sai Kaduna. To a nan babban ɗanta, wanda ba ta kama sunansa sai dai ta ce Injiniya, ya ga ƙofar burge uwarsa ta buɗe. Daga can Fatakwal inda yake aiki ya buga waya ya kama mata ɗaki na kwana uku a Otal Dawisu.

Shi Injiniya rabonsa da ganin wurin tun yana ɗan firamare, ranar da suka wuce ta gabansa a bayan a-kori-kura, marigayi ubansa ya nuna masa ya ce nan ne ministoci ke kwana. Abin ya zauna masa a rai shekara talatin. Bai tambayi kowa ba ko su ministocin har yanzu suna zuwa.

Hajiya ta ce, "Ni da furfurata in je in kwana a otal? Me za a ce da ni?"

Ya ce, "Inna, wannan ba irin wanda kike jin labari ba ne. Wurin manya ne. In kuma ba kya so, sai ki sauka gidan Gwaggo Tasalla."

Ya san inda ya taɓa. Gwaggo Tasalla yayar marigayin ce, tana zaune a Tudun Wada, kuma tun ranar da aka kai Ladingo gidan ƙanenta take tara mata laifi ba ta zubar da ko ɗaya ba. Hajiya ta ce a ba direba sunan otal ɗin. Maganar 'yar rakiya kuwa ta ce a bari sai ranar aikin, ido ɗaya ne ya lalace, ba hankali ba.

Ranar Talata da hantsi direba ya sauke ta. Abin da ya fara tarbarta wani ƙaton dawisu ne na siminti, rabin wutsiyarsa ta karye, rodi ya fito tsirara, wani ya shanya tsumman goge mota a kai. Bayansa ga wata tafkekiyar maɓulɓular ruwa, ƙadangaru sun baje a ciki suna shan rana. Maigadi ya ƙame ya sara mata kamar ta zo duba fareti, takalminsa ɗaya ɗaure da igiya, ɗaya da waya.

Ciki kuwa sai ka ce gidan attajirin da ya mutu magada suka kasa shiryawa. Jan kafet tun daga ƙofa har kanta, tsakiyarsa ta cinye ana hango siminti, gefe da gefe ne kaɗai ke tuna cewa da can shi ja ne. Sama ga fitila mai rassa, ƙwan da ke jikinta ya fi ɗari, uku ke ci. Ga wani wari irin na akwatin da aka shekara ba a buɗe ba, sannan aka bi shi da feshin turare don a rufa masa asiri.

Manaja ya fito da kansa. Malam Nafi'u sunansa, kwat da taye cikin wannan zafi, kwat ɗin har ƙyalli yake a gwiwar hannu don shan guga. Magana yake a hankali, yana jin daɗin muryarsa.

"Barka da zuwa Otal Dawisu, Hajiya. Kin sauka a wuri mai tarihi."

Ta ce, "Tarihin na gani, ɗan nan. Ɗakin fa?"

Bai ba ta makulli ba sai da ya juya ga wani allo mai gilashi da ke bango ya karanto mata dokokin gida ɗaya bayan ɗaya. Ba a girki a ɗaki. Ba a shanya a taga. Ba a shigo da abinci daga waje, ko da ƙuli-ƙuli ne. Da ya gama ya ce ɗakinta na hawa na huɗu, sai dai lif ɗin da ke hawa da mutane sama ana gyara. Ta dubi takardar da aka manna a ƙofar lif ɗin. Takardar ta yi ja don tsufa, gizo-gizo ya yi gida a kusurwarta har ya hayayyafa.

Wanda aka haɗa ta da shi ya kai mata jaka wani dattijo ne, Baba Jatau, da ya ce da shi aka buɗe otal ɗin. Farar rigarsa ta aiki ta koma launin koko, ga ɗan baƙin ƙyalle ɗaure a maƙogwaro. A hawa na biyu ita ta tsaya ta huta. A na uku shi ya tsaya, ta karɓi jakar ta ƙarasa da ita.

Ɗakin dai ɗaki ne, ba a ƙwace masa girma ba. Gadon zai ɗauki mutum shida, sai dai duk su shidan a tsakiya za su haɗu, don katifar ta lotsa kamar kaskon tuya. Baba Jatau ya kunna na'urar sanyi, ta ɗauki ƙara kamar injin markaɗe, ta huro musu ƙura, ya kashe ta da ladabi. Ya kai ta banɗaki ya nuna mata wani farin baho mai ƙafafu da famfo biyu a kansa.

"Wannan mai jan kai na zafi ne, ranki ya daɗe. Wannan mai shuɗi na sanyi."

Ta murɗa mai ja, ya yi ajiyar zuciya. Ta murɗa mai shuɗi, ko wannan bai yi ba.

"Ruwan fa?"

"Ana kawowa, ranki ya daɗe."

Bayan rabin awa ya ƙwanƙwasa ƙofa sau uku, ya shigo da bokiti a hannun dama, farin tawul a saɓe a hannun hagu, ya rusuna ya ajiye kamar ya kawo saƙon gwamna. Ta dube shi, ta dubi bokitin, tausayinsa ya hana ta faɗin abin da ke bakinta.

Injiniya ya bugo waya yana ɗoki. "Inna, ya kika ga wurin?"

Ta ce, "Yana nan yadda ka bar shi. Ba su taɓa komai ba."

Ya yi ta murna.

Da azahar ta ce a kawo abinci. Baba Jatau ya zo da wani littafi mai bangon fata, shafi goma sha biyu, ya tsaya yana karanto mata. Gasasshiyar kaza irin ta Faransa. Ta ce a kawo. Ya ce yau babu. Kifin teku da man shanu. Yau babu. Cinyar rago da dankalin Turawa. An yi jiya, ya ƙare. Sai da suka kai shafi na biyar ta ɗaga masa hannu.

"Malam Jatau, ni da kai mun wuce wasan yara. Me ke akwai?"

"Tuwon shinkafa da miyar taushe, ranki ya daɗe. Kukunmu ya ƙware a kansa."

Ya fi awa guda kafin ya dawo, ɗauke da farantin azurfa mai murfi kamar ƙubbar masallaci. Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera wuƙa da cokali mai yatsu, sannan ya ɗaga murfin da wani irin yanga. Rabin malmala ce zaune a tsakiyar faranti mai faɗin faifai, an ɗora mata ɗan koren ganye a ka, miyar a wani ɗan kofi kamar magani.

Hajiya ta karkata kai ta sa ido mai lafiyar. A jikin tuwon ga layi-layi nan siri-siri sun taru a wuri ɗaya, inda aka murɗe bakin leda. Shekara talatin da takwas, ko cikin barci ta san wannan shaida. Ta ture wuƙar gefe, ta wanke hannu, ta gutsura ta dangwali miyar. Hayaƙin itace ne, itacen ma na darbejiya. Kabewar ta nuna, gyaɗar ba laifi, daddawa ce aka yi wa rowa.

"Kukun naku a leda yake kwashe tuwo?"

Baba Jatau ya ɗaga kai yana nazarin silin. "Salon kwasa ne na zamani, ranki ya daɗe."

Ta ce, "To madalla." Ta cinye abinta, don yunwa ba ruwanta da asalin tuwo.

Da a nan abin ya tsaya, da ta yi kwana ukunta ta koma gida da labarin ba jikoki dariya. Amma bayan la'asar waya ta yi ƙara, ta duba ta ga Yaya Tasalla ce.

"Ladingo, ashe kin shigo gari."

"Na shigo, Yaya. Ina shirin kiranki ke nan."

"Ai na sani. Na ji an ce gidana ya yi miki kaɗan, sai otal."

"Wallahi Yaya yaron nan ne ya matsa."

"Ba komai, ai arziki ne, Allah ya ƙara. Gobe bayan azahar muna nan tafe, ni da yara da matan yara, mu ma mu ga yadda manya ke zama. Ba mu da yawa, ba za mu wuce goma sha biyu ba. Kada ki wahalar da kanki. Ko ruwa kika ba mu ya isa."

Hajiya ta ajiye wayar ta zauna a bakin gado, gadon ya nemi ya ja ta tsakiya. Ta san Yaya Tasalla. Wannan "ko ruwa ya isa" ita ce tarkon. In mutanen nan suka zo suka tashi ba su ci sun bari ba, kafin a cire mata bandejin ido labari ya isa Funtuwa: Ladingo da ta ciyar da direbobin duniya, dangin mijinta sun je wurinta a otal ta sallame su da yunwa. Za a faɗa a gidan suna, a faɗa a gidan biki, ranar da ta mutu ma a faɗa a zaman makoki da murya ƙasa-ƙasa. Ga shi ruwan da ake cewa ya isa, shi ma sai an hau da shi hawa huɗu.

Da safe ta sauko ta sami Manaja a bayan kanta yana gyara taye a jikin gilashin allon dokoki.

"Ɗan nan, baƙi zan yi bayan azahar. Mutum goma sha biyu. Tuwo nake so, cikakke, ba irin wanda aka raba mini da wani jiya ba."

Ya yi murmushin mai shirin koya wa jahili karatu. "Hajiya, abin da ya wuce mutum biyar a tsarinmu liyafa ne. Liyafa kuwa sai an cike takarda kwana uku kafin ranar, shugaban kicin ya sa hannu, ni in sa hannu."

"To kira shi ya sa, kai ma ga ka."

"Yana wurin taro. Kuma yau muna da manyan baƙi, masu taron ƙara wa juna sani, mutum sittin. Kicin ba zai ɗauki ƙari ba."

"To a ba ni murhu ɗaya awa biyu, in dafa da hannuna."

"Baƙo ba ya shiga kicinmu, Hajiya. Sha'anin tsabta."

"To in aika a sayo mini a gari."

Sai ya miƙa yatsa ya ƙwanƙwasa gilashin allon daidai doka ta uku.

Ta ce, "Wato kai ba za ka dafa ba, ni ba zan dafa ba, wani ma ba zai dafa ba."

Ya ce, "Tsari ke nan. Shi ya bambanta mu da ƙananan wurare."

A tasha da wani ya yi mata wannan, da tuni ludayi ya sauka a kansa. Ta juya ta sake kama matakala, kowane hawa da addu'ar da ta yi wa wanda ya gina shi.

A ɗaki ta ja labule don ta sami iska, labulen ya biyo hannunta da ƙugiya biyu. Tagar bayan otal take kallo. Ga wurin iyo nan ruwansa ya yi kore shar, kwaɗi na harkarsu. Gaba da shi doguwar katanga. Bayan katangar kuwa hayaƙi ke tashi daga wata rumfar kwano, iska ta kwaso shi ta kawo mata har hawa na huɗu. Ta shaƙa sau ɗaya. Darbejiya.

Ta rufe idon hagu da tafin hannu ta zuba na dama. Can sai wata 'yar ƙofar ƙarfe da ke jikin katangar ta buɗe, farar riga mai launin koko ta leƙo, ta duba hagu ta duba dama, ta tsallaka zuwa rumfar da ƙaton baho. Wata mace ta shiga jefa masa ƙulli-ƙullin leda a ciki tana ƙirgawa da baki.

Hajiya ta ce, "Sannu kuku."

Ta yafa mayafi, ta zura hannu a jakarta ta ɗauko ƙullin daddawarta da na yaji, waɗanda ko Makka da su ta je, ta sauka. Ta fita ta babbar ƙofa, maigadi ya sara mata, ta kama bin katanga. Katangar kuwa ta fi ta maƙabarta tsawo. Sai da ta zauna sau biyu, sau ɗaya a bencin mai faci, sau ɗaya a kan wani dutse, kafin ta iso.

Mai rumfar mace ce kakkaura, za ta yi arba'in da biyar, zani ɗaure a ƙirji kan riga, tukwane huɗu a kan wuta. Hajiya ta yi sallama, ta ja kujera 'yar tsugunno ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba.

"Sannu da aiki, 'yar nan. Wa nake magana da ita?"

"Lantana, Hajiya. Na ci ne ko na tafiya da shi?"

"Na ci jiya. A farantin azurfa, da ganye a ka."

Lantana ta tsaya da ludayi a hannu, ta dubi 'yar ƙofar ƙarfen, ta dubi Hajiya, sai dariya ta ƙwace mata har tana dafa gwiwa.

"Wai ganye suke sa masa?"

"Da wuƙa. Tun yaushe kike ciyar da su?"

"Bana shekara tara. Tun da kukunsu ya yi ritaya aka ce za a ɗauko wani daga Legas. Yana hanya har yau."

"Kicin ɗin fa?"

"Tattabaru ke ciki, Hajiya."

"Shi mai tayen ya sani?"

"Manaja? Ai shi ya zo da ƙafarsa muka daidaita, a kan kujerar nan da kike kai ya zauna. Nasa ma daban nake zuba masa, kullum da ƙashin bargo."

Hajiya ta gyaɗa kai. Ta ce a ba ta ludayi. Ta ɗebo miyar ta ɗiga a tafin hannu ta lasa.

"Hannunki na da kyau, amma kina jin tsoron daddawa. Kuma ki daina sa alayyafo tun da wuri, yana mutuwa kafin a kai baki."

Lantana ta ɗan ɓata rai. "Hajiya ma sana'ar take yi ne?"

"Na taɓa yi. A tashar Funtuwa."

"Ba dai ke ce Ladingo ba?"

"Ni ce, abin da ya rage."

Lantana ta ajiye ludayi ta durƙusa har ƙasa. Ta ce direbobin Funtuwa sun hana ta sakat da sunan nan, kowa ya ci tuwonta sai ya ce ba laifi, amma bai kai na Ladingo ba. Ta ce ta daɗe tana son ta ga matar nan ko don ta harare ta. Hajiya ta ce to ga ta, ta harara da sauri don aiki ke gabansu. Ta warware mata zancen Yaya Tasalla, ba ta ɓoye komai ba. Lantana ta ce ita ma tana da irinta a Rigasa, ba sai an yi mata dogon bayani ba.

Aka ware tukunya guda. Hajiya ta kwance ƙullinta, ta zauna a gaban wuta tana ba da umarni kamar ba ta taɓa barin rumfa ba, hayaƙi na shiga idon da likita ya ce a kiyaye. Da aka zo kwasa Lantana ta jawo ledoji, Hajiya ta buge mata hannu.

"Dangin mijina ba za su ci tuwon leda ba. Ina mararki?"

Aka nemo mara a ƙasan kwando, aka wanke. Hajiya ta kwashe da kanta, malmala ashirin da huɗu, kowace sumul kamar an goge. Lantana ta ba ta aron manyan kuloli biyu da ƙarama ɗaya ta nama, ta ce bari ta ƙwanƙwasa wa Baba Jatau ya buɗe 'yar ƙofar a shige da su a ɓoye.

Hajiya ta ce, "Ni ba sata na yi ba. Ta inda na fito ta nan zan koma."

Aka tsayar da mai Keke mai ƙafa uku, wani magidanci mai gemu, aka loda kulolin, ta shiga ta zauna a tsakiyarsu tana riƙe da murfi. Kafin su zagayo an yi kiran azahar.

Yaya Tasalla, da ta ce bayan azahar, tun kafin azahar ta iso, don mai zuwa kama laifi ba ya makara. Tana zaune a zauren otal kan wata kujerar fata da soso ya leƙo ta gefe, sanda tsakanin ƙafafu, 'ya'ya da surukai sun kewaye ta, kowa ya sha kwalliya. Ta riga ta gama ƙare wa fitilar sama kallo, ta gama da kafet, yanzu ƙofa take kallo.

A ɗaya gefen kuma masu taro ne suka fito shan iska kafin cin abinci, kowa da kati rataye a wuya. Manaja na tsakiyar manyansu, wani mai babbar riga da wata mata mai gilashi, waɗanda yake fatan su riƙa kawo masa taronsu duk shekara. Muryarsa har bakin ƙofa.

"Mu komai a cikin gida muke yi, ranka ya daɗe. Tuwon da za ku ci yanzu, daga kicinmu zuwa teburinku, hannun bare bai taɓa shi ba. Shi ya sa ba ma wasa da doka."

Daidai nan ƙofar gilashi ta buɗe. Hajiya Ladingo ta shigo tana ɗingishi, mayafinta na warin hayaƙi, mai Keke na biye da ita rungume da kula. Ƙanshin daddawa ya riga su isa tsakiyar zauren, ya kori turaren da aka fesa da safe. Masu kati a wuya suka soma waiwaye.

Yaya Tasalla ta ce, "A'a, Ladingo. Mun zo ba kya nan. Na ce da yara ko gudu kika yi."

"Ina zan gudu in bar ki, Yaya? Sannunku da zuwa. Ku tashi mu hau, abinci zai huce."

Ba su kai ga tashi ba Manaja ya baro manyan baƙinsa ya sha gabanta, ya buɗe hannuwa kamar mai tare akuya.

"Hajiya, mene ne wannan?"

"Tuwo ne, ɗan nan. Ka san shi."

"Na karanta miki doka jiya, na nuna miki ita yau. Wannan kayan ba zai wuce nan ba. Malam, juya da shi."

Mai Keke ya tsaya da kula a ƙirji yana kallon Hajiya. Yaya Tasalla ta gyara zama, ta ɗora haɓa a kan sanda, fuskarta ta yi haske irin na wanda ya biya kuɗin mota kuma ya ga abin da ya zo gani. Ɗaya daga cikin surukan har ta soma laluben waya a jaka.

Hajiya ta rage murya. "Baƙina ne, dangin mijina. Ka bar ni in wuce, mu rabu da mutunci."

Da mai hankali ne da ya ji abin da ke ƙarƙashin maganar. Amma mai babbar riga na kallo, mai gilashi na kallo, sai Manaja ya ga ga damar nuna musu irin tsarin gidan. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ki yi haƙuri, Hajiya, nan ba tasha ba ce. Ba mu san inda aka dafa wannan abu ba, ba mu san da wane ruwa ba, ba mu san hannun wa ya taɓa shi ba. Lafiyar baƙinmu amana ce a wuyanmu. Shekara arba'in da biyu da buɗe Otal Dawisu, abincin waje bai taɓa shigowa ta wannan ƙofar ba."

Hajiya ta gyara mayafinta. Ta dubi masu kati a wuya ɗaya bayan ɗaya da idonta mai lafiya, sannan ta buɗe muryar nan da take kiran fasinja da ita daga wancan ƙarshen tasha.

"Gaskiyarka, ɗan nan, ta baya yake shigowa. Lantana ma ta ce in na gan ka in gaishe ka."